Jawabi a Walimar Malaminmu da Ya Kammala Karatun Shari'a

 Mai girma Perefen Madarunfa, mai martaba Sarki, ranka ya daɗe, magajin gari, limamai da malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa.

An ɗora mini nauyin yin magana a madadin duk waɗanda Malam ya koyar a lakwal. Muna da yawa a wannan rumfa, wasunmu har sun yi furfura. Shi ya kama hannunmu muka fara rubutu, yau kuma mun taru domin ya dawo daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da takardar lisans a fannin shari'a, bayan ya haura shekara 60.

Da ya yi ritaya, mun ɗauka zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya leƙa garkarsa ta bakin tafki, ya yi wasa da jikoki. Hakan kuwa ya fara. Sai wata rana wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta zo da takarda a naɗe cikin leda, ta kwance ta daga bakin zanenta, ta ce, "Mushe, duba mini, an ce gonar marayuna ta fita hannunmu." Malam ya karanta Faransancin tsaf, ba kalmar da ta gagare shi. Amma jingina mamacin ya yi ko sayarwa? Sa hannun da ke ƙasa ya isa hujja? Wace ƙofa za ta buga? Ya gaya mini da bakinsa cewa daren nan bai runtsa ba. Shekara da shekaru ana kiransa mai ilimi, ga marayu a zaure, ya rasa abin ce musu.

Wannan takarda ce ta kai shi Tawa. Shekara 3 yana bin mota ta Gidan Runji da Madawa, yana hayar ɗaki guda, yana zama benci ɗaya da sa'o'in jikokinsa. Suna ce masa Baba, suna ara masa littafinsu idan malami ya yi sauri, suna nuna masa yadda ake buɗe darasi a waya. Kuɗin fansho ya raba biyu, rabi gida, rabi karatu. A nan dole in miƙa godiya ga Hajiya, uwargida, wadda ta riƙe gidan ba ta taɓa cewa ya dawo haka nan ba. Masu cewa me tsoho zai yi da digiri, Hausawa sun riga sun ba su amsa, gemu ba ya hana ilimi. Nelson Mandela ma yana da shekara 70, yana tsare, ya kammala digirinsa na shari'a a 1989.

Ranka ya daɗe, abin da Malam ya karanto shi ne abin da ke cika fadarka kowace damina: iyakar gona, gado, aro da jingina, burtali da ɓarna. Ƙasarmu tana da doka a kan waɗannan. Tun 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta amince da mallakar gona ta gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, masu ba da takardar shaida. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, mai kare hanyoyin dabbobi da mashaya. Doka ta ba sarakuna ikon sulhu kafin a je gaban alƙali, a kuma rubuta abin da aka daidaita a kai. Amma da Faransanci aka rubuta su duka, manomin Gabi da makiyayin Baban Rafi kuwa ba da shi suke kwana ba. Mu mutanen jihar Maradi mun san inda rigimar gona da kiwo take kaiwa idan ta ƙwace. Manyanmu ba su manta da Toda ba, a 1991, inda aka rasa rayuka sama da 100. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba.

Malam bai ce zai sa rigar lauya ba, wannan hanya ce mai nata ƙarin karatu da jarrabawa. Abin da ya yi alkawari shi ne zaurensa zai zauna a buɗe, duk mai takarda ya kawo, a fassara masa ita da Hausa, a gaya masa ko wurin mai gari za shi, ko Kofo, ko kotu, kuma ba sisin kowa. Roƙona ga mahukunta, idan za a zauna kan maganar ƙasa a wannan gunduma, a aika masa da kujera. Roƙona ga iyayenmu mata, kada a jira sai an shuka gonar kafin a zo.

Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina roƙon mai martaba ya miƙa masa takardarsa a gaban jama'a, sannan Liman ya yi mana addu'a.