Yadda Ƙashi Ke Jin Nauyi



Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ya san manomin da ke huɗa a jigawar Babura, ya san matar da ke hawo tudun Roni da tulu a ka. Mu kuwa galibinmu mun baro wannan rayuwa mun kama kujera. Dalilin da ya sa ke nan na zaɓi yin magana a kan ƙashi.

Mutane na ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce, alhali kuwa rayayye ne. A 1892 wani likitan fiɗa na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana sake ƙirarsa gwargwadon nauyin da ake aza masa. Yadda yake jin nauyin ne aka daɗe ba a gano ba.

To, a jikin ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri uku: magina, da marusa, da waɗanda zan kira 'yan gadi, wato ostiyosait, waɗanda su ne fiye da kashi 90 cikin 100. Kowane ɗan gadi yana binne cikin ɗan kogonsa, ya miƙa siraran hannuwa zuwa ga maƙwabtansa ta wasu ƙananan magudanai masu ruwa. In mutum ya taka ƙasa da ƙarfi, ƙashin yakan ɗan lanƙwasa, kaɗan ƙwarai, ruwan nan ya gudana ya shafe su. Nan take sai su saki sinadarai irin su nitirik oksaid, sa'an nan su rage wani furotin mai suna siklerostin, wanda aikinsa taka wa magina birki. Da birki ya saku, gini ya kankama. In kuwa zama ko kwanciya ta yi yawa, sai siklerostin ya ƙaru, marusa su yi rinjaye.

'Yan sama-jannati, da yake ba nauyi a can, sukan yi asarar wajen kashi 1 cikin 100 na ma'adinin ƙashin ƙugu kowane wata. Wanda aka yi wa ɗori ya daɗe a kwance ma haka, shi ya sa a asibitocin ƙashi irin na Dala ba a son a bar majiyyaci a gado fiye da kima.

Abin da ya shafe mu kai tsaye, jama'a, shi ne yawancin ƙashin da mutum zai tsufa da shi yana tara shi ne kafin ya kai shekara 30. Gudu da tsalle da ƙwallo sun fi iyo a dam ɗin Kazaure tayar da 'yan gadin nan, domin ruwa ɗauke wa ƙashi nauyi yake yi.