Jawabin Taro Kan Ciwon Kai Mai Tasowa Daga Wuya



Mu mutanen Adar, a ka muke ɗaukar kaya. A aikin Keita da aka fara a 1984, matanmu sun yi jidar duwatsu a ka. Samarinmu na dakon buhunan albasa a Madawa, wasu na talla a Kano da Abijan. Wuya kuwa ƙasusuwa 7 ne kawai. In na sama suka sage, ciwo yakan taso daga ƙeya, ya bi gefe ɗaya har bayan ido, ya ƙaru in an waiwaya. Ƙwaya takan kwantar da shi, gobe ya dawo, domin tushensa na wuya.

Abin da ke taimakawa shi ne tausa a hankali daga hannun ma'aikacin lafiya da ya koyi aikin, da motsa wuya kullum yadda ya nuna mana. Mu rage kaya, mu kyautata gammo. Kada mu yarda kowa ya murɗe mana wuya da ƙarfi, jijiyar jini tana iya yagewa.

In ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, sanƙarau ake tsoro. A bar tausa, a garzaya asibiti, Buza ko Madawa ko Keita.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.