Barin Taba da Zama a Kan Barin: Jawabi a Taron Reshe



Mu bakwai ne muka nemi a ba mu wannan ɗan lokaci, abin da ya haɗa mu kuwa ba abin alfahari ba ne. Kowannenmu ya sha taba sigari, ƙaraminmu shekara 9, babbanmu shekara 31, kowannenmu kuma ya bari. Mun san a zauren nan akwai waɗanda kwalin sigari ke aljihunsu yanzu haka, suna Allah-Allah a tashi. Mun sani ne domin mu ma mun zauna a kan bencinan nan muna satar kallon ƙofa. Da su muke magana. Sauran jama'a kuma su ba mu aron kunnuwansu, akwai roƙon da za mu yi musu.

Ba za mu ɓata lokaci wajen jero illolin taba ba. Babu mashayin da bai san su ba, a jikin kwalin ma an rubuta gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. Mun sha jin wannan, muna gama ji kuma mu ƙyasta ashana. Labarin da ya fi ƙarfafa mana gwiwa daga Ingila ya zo. A 1951 wasu masana biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fara bibiyar dubban likitocin ƙasar, masu sha da marasa sha, aka yi ta binsu har shekara 50. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa wanda ya zarce da sha yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 40 yakan ceto kusan 9 daga ciki, ɗan 50 kusan 6, ɗan 60 ma kusan 3. Rai da ajali na Allah ne, ba mu ja da wannan ba. Lissafin likitoci magana ce ta sababi. Abin da muka ɗauka a ciki shi ne, malamin da ke jiran ritaya ma bai makara ba. Shi kansa Doll mashayi ne, ya bari da ya ga inda bincikensa ya dosa, ya kuma kai shekara 92 a duniya.

Amma babbanmu ba lissafi ne ya raba shi da taba ba. A shekarun baya yakan aiki ɗalibi wurin mai tebur idan an fita tara, kamar yadda da yawanmu muka yi ba tare da mun ga aibu ba. Wata rana a tashar mota wani magidanci ya durƙusa ya gaishe shi, leɓɓansa baƙi ƙirin, yana tari. Tsohon ɗalibinsa ne. Cikin hira, ba da nufin zargi ba, har yana dariya, ya ce, "Malam, ai da canjin aikenka na sayi karana na farko." Malam ya ce ya shiga mota bai san yadda ya isa gida ba. Tun 2015 dokar ƙasa ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana shan ta a makarantu, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Kowa ya san teburan da ke bakin ƙofofin makarantunmu ba su ji wannan ba. Yaro kuwa ko bai ga malaminsa yana zuƙa ba, yana jin warin a rigarsa idan ya sunkuya duba masa littafi.

To, yaya barin yake? Gaskiya da wuya, wanda duk ya ce muku ba wuya bai sha ba. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, shi ya sa jiki ke saurin kamuwa da shi. Idan aka yanke, kwana uku na farko su ne mafi tsanani: ciwon kai, rashin barci, saurin fushi, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ɗayanmu ya tsaya a gaban allo ya manta ƙa'idar lissafin da ya shekara 15 yana koyarwa. Yawancin wannan yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita kuma ƙwalamar da ke taso wa mutum kamar za ta tsaga ƙirji, ba ta wuce 'yan mintoci. Ko an sha ko ba a sha ba za ta kwanta. Mu da muke azumin Ramadan mun riga mun san haka, ko da ba mu lura ba. Mutum ya yini tun daga alfijir har faɗuwar rana bai kunna ba, ya shiga aji, ya koyar, bai faɗi ba. Ashe jiki na iyawa. Uku daga cikinmu a watan azumi suka bari, dabararsu kuwa ita ce su tashi daga wurin buɗa-baki su wuce masallaci kai tsaye, kada su ratsa ta inda aka saba taruwa.

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan yawancinmu muka sha ƙasa. Bayan wata ɗaya nikotin ya fita daga jiki, amma sabo yana nan, sabo kuwa turken wawa ne. Tabar malami a ɗaure take da jadawalin makaranta. Akwai ta bayan shayin safe, akwai ta lokacin tara a bayan ajin ƙarshe, akwai ta bayan an tashi, akwai kuma waɗanda ba sa ƙirguwa a daren makin takardun jarrabawa. Ƙararrawa na kaɗawa hannu zai tafi aljihu da kansa. Wanda bai tanadi abin da zai sa a waɗannan gurabe ba, taba za ta dawo ta cike su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar da mutum ya tsayar, ya zauna ya rubuta lokutan nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake rubuta tsarin darasi, ya ajiye wa kowanne abin yi. Waninmu asuwaki ya riƙe, bai rabu da shi ba wata shida. Wani ya karɓi aikin kula da yara a filin wasa lokacin tara, don kada ya sami kansa shi kaɗai. Wani ya daina maki da dare, ya koma yin sa a ofishin malamai a gaban jama'a.

Gargaɗi ɗaya game da goro, tunda shi ne mafakar da kowa ke fara gudu zuwa gare ta. Hayaƙin taba yana sa jiki saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a goro da shayi. Idan an bar taba, goron da aka saba ci sai ya yi ƙarfi fiye da da, mutum ya kwana ido biyu, ya ɗora laifin a kan rashin sigari. A rage shi. Ci kuma zai buɗe, ƙiba na iya biyo baya. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya ga likita. Akwai cingam da filastar nikotin da ke sassauta kwanakin farko, neman su ba gazawa ba ne. Shisha kuwa, da wasu matasan malamai ke ɗauka ruwa yana wanke ta, taba ce aka yi wa ƙamshi.

Biyar daga cikinmu bakwai sun taɓa bari suka koma, kuma duk ta ƙofa ɗaya suka koma: kara ɗaya. Ɗayanmu ya yi wata 14 bai sha ba. Albashi ya makara, mai gidan haya ya matsa, yaro ba lafiya. Yana zaune a majalisa wani aboki ya miƙo masa, ya ce ɗaya dai don ya huce. Kafin mako ya zagayo ya koma kara goma a rana, sai da ya ƙara shekara biyu kafin ya sake samun kansa. Kara goma a rana kara 3,650 ne a shekara. Kowa ya buga da farashin unguwarsu ya gwada da albashinsa. Da ya zo bari na biyu bai fara daga farko ba, domin ya riga ya san ramin da ya faɗa. Yanzu idan wata ya yi nisa ba ya zama a waccan majalisar, mu yake kira.

Roƙonmu ga sauran 'yan'uwa shi ne, idan abokin aiki ya ce ya bari, kada a yi masa dariya, kada a ce "za mu gani". Idan ya yi fushi a makon farko a yi masa uzuri, shugaban makaranta ma ya ɗan sassauta masa. Wanda har yanzu yake sha, don girman Allah kada ya miƙa masa, ko da shi ya roƙa. Ga kwamiti kuma, muna neman reshe ya tsaya a kan cewa ba malamin da zai ƙara aiken ɗalibi sayen taba, ya kuma yi magana da masu unguwanni game da teburan bakin ƙofa.

Mu bakwai muna haɗuwa kowace Alhamis bayan an tashi, a ofishin reshe, na rabin awa. Ba rajista, ba kuɗi, ba kuma sai mutum ya bari zai zo ba. Wanda yake jin nauyin shigowa ya faɗa wa sakatare a keɓe, ɗayanmu zai same shi a makarantarsu.