Wakafi da Kuɗin Kirifto: Daga Ina Amfanin Zai Fito?

  

A shekarar da ta gabata wani matashin ɗan kasuwa ya zo mana da kyakkyawar niyya. Yana da kuɗin kirifto da yake son ya mayar wakafi don marayun unguwarsu, amma bisa sharaɗin kada a sayar, domin a ganinsa nan gaba kaɗan farashin zai ninka. Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Amsar da na tattara daga baya ita zan shimfiɗa a gabanku, domin na san an fara ƙwanƙwasa wa wasunku ƙofa da irin wannan tayi.

Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sami gona a Khaibar, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shawarce shi da ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. A kan wannan aka gina wakafi: tushe mai wanzuwa, da amfanin da yake fita daga gare shi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ruwa take bayarwa, shago kuma haya yake kawowa. Ko da malamanmu na Malikiyya suka halatta wakafin tsabar kuɗi, sun halatta shi ne domin a riƙa ba da rance ana maido da madadinsa, ba domin a naɗe hannu ana jiran farashi ya tashi ba.

Saboda haka duk wanda ya kawo muku wani shiri na kirifto, ku tambaye shi: daga ina ribar take fitowa? Shirin Terra ya fito da wani kuɗi da aka ce kullum darajarsa dala ɗaya ce, aka kuma riƙa biyan masu ajiya kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara. Cinikin da ake yi a ciki bai kai ya haifar da wannan riba ba. Daga wani asusu ake cikowa, ana jan sababbin masu zuba kuɗi. A watan Mayun 2022, cikin mako guda, dukiyar da ta kai kusan dala biliyan 40 ta narke. Mu a Najeriya ba baƙin wannan labari ba ne. MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, CBEX kuma, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana talatin, ta durƙushe a Afrilun 2025. Idan ribar na farko daga aljihun na ƙarshe take fitowa, ranar rushewa kawai ake jira.

Ku kuma bincika a hannun wa dukiyar take, da ko wani na waje zai iya duba lissafin. Kasuwar FTX ta kasance cikin mafi girma a duniya, amma a Nuwamban 2022 aka gano ana karkatar da kuɗin masu ajiya zuwa wani kamfani na mai kasuwar, Sam Bankman-Fried, wanda kotun Amurka ta ɗaure shekara 25. Yawan jama'a ma ba hujja ba ne. Kun ga yadda 'ya'yanmu suka kwashe watanni a 2024 suna ƙwanƙwasa fuskar waya a Hamster Kombat, kun kuma ga abin da akasarinsu suka tashi da shi ranar rabo.

Adalci ya wajabta in ware Bitcoin. Tun Janairun 2009 yake aiki, adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, babu kamfanin da ya mallake shi, kuma kundin cinikinsa a buɗe yake ga kowa. Sai dai ba ya haihuwa. Daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 ya faɗo zuwa kusan 16,000 bayan shekara ɗaya, sannan ya haura 100,000 a Disamban 2024. Mai wadata zai iya jure wannan hawa da sauka da dukiyarsa. Kuɗin makarantar maraya kuwa ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo.

Malamai sun saɓa a kan hukuncinsa. Majalisar fatawa ta Masar ta haramta, majalisar shari'a ta hukumar hannayen jari ta Malesiya kuma ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. A nan gida, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairun 2021, ya janye a Disamban 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa shi ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Wannan na malamai da hukuma ne. Namu shi ne amana, kuma halaccin abu bai lamunce ɗorewarsa ba.

Shawarata ga kwamitoci ita ce: idan malamanku sun amince, ku karɓa daga wanda kuka san shi kuka san sana'arsa, a sayar a ranar ta kasuwa mai rajista, a rubuta adadin a gaban shaidu. Kada kuma a bar kuɗin a naira, domin ita ma kun ga yadda take zaizayewa; a mayar da su shago ko fili ko rijiyar burtsatse. Akwai wani haɗarin da ba a cika ambata ba: wannan dukiya da kalmomin sirri ake buɗe ta. Ma'aji ya rasu da su a kansa, babu banki ko alƙalin da zai iya fito da ko kwabo.

Matashin nan ya dawo bayan mun yi masa wannan bayani. Ya sayar da rabi, an sayi shago guda, hayarsa tana biya wa marayu kuɗin makaranta. Sauran rabin yana hannunsa, dukiyarsa ce, mun dai tuna masa ya zauna da malaman gidauniya a kan zakkarsa idan shekara ta zagayo.