RUMBUN MURYA A CIKIN GIDA: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan yadda mutum zai shirya kwamfuta a gidansa ta zama ma'ajiyar waƙoƙi da karatu, ta riƙa fitar da murya garau. Ni ma'aikacin gwamnati ne, sana'ata fayil da biro, wannan kuwa abu ne da na koya a ranakun hutu. Na ba abin suna rumbu domin aikinsu ɗaya da rumbun hatsi: a zuba a lokacin da akwai, a rufe da kyau, a riƙa ɗiba sannu a hankali.

Kafin a gina rumbu sai a san abin da za a zuba. Daga Balan zuwa Kademi, daga Gaya zuwa Ajingi da Toranke, da wuya ka shiga gidan dattijo ka rasa kwali ko tsohuwar adaka cike da kaset-kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, ya kuma zauna a ƙasar Hausa kamar don mu aka yi shi, saboda rikoda tana aiki da batir, ana rataya ta a keke, ana kai ta gona. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Haka malamai irin su Shehu Abubakar Gumi da ya rasu a 1992 da Shehu Nasiru Kabara da ya rasu a 1996. Mafi yawan abin da iyayenmu suka ji daga bakin waɗannan mutane, in ba ta rediyo ba, to ta kaset ne.

To amma waɗannan manya suna da masu kula da su, da yawa daga cikin ayyukansu ma suna intanet. Abin da ya fi damuna shi ne kaset ɗin da babu irinsa ko'ina a duniya: wanda aka ɗauka a bikin wani a Balan, gangar noma ranar gayya, kiɗan maƙera, tafsirin limamin ƙauye da azumi, saƙon da mahajjaci ko ɗan cirani ya aiko wa iyalinsa da muryarsa domin bai iya rubutu ba. Tarihi ya nuna maƙeran Gaya ne suka fara zama a gindin Dala suna haƙar tama. Ƙasa mai irin wannan asali, a ce muryoyin dattawanta suna ruɓewa a ƙarƙashin gado, abin kunya ne a gare mu da muka yi karatu.

Ruɓewa kuwa suke yi. Zaren kaset roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, zafi yana sa ta miƙe, danshin damina yana sa ta fumfuna ta manne, maganaɗisun da ke cikin lasifika kuma yana iya goge abin da ke kanta, alhali a kan lasifikar ne da yawa muke jibge su. Rikodar ma tana neman ƙarewa, masu gyaranta sun tsufa, yaransu sun koma gyaran waya.

Wani zai ce ai masu tura waƙoƙi a kasuwa sun gama wannan aiki, da 'yan kuɗi kaɗan za a cika maka memori. Allah Ya saka musu, sun yi ƙoƙari. Sai dai abin da suke turawa MP3 ne, dabarar da aka ƙirƙiro a Jamus a farkon shekarun 1990, wadda take zubar da wani ɓangare na sauti domin fayil ya ƙanƙance. Minti ɗaya na faifan CD yana cin kimanin megabait 10, MP3 na gama-gari yana mayar da shi kusan megabait 1. Kwafe fayil daga waya zuwa waya ba ya rage komai, amma duk lokacin da aka sake matse shi sai ya ƙara asara, kamar takardar da ake ta yi wa hoto daga hoto har rubutu ya dushe. Wasu ma kara waya kawai aka yi a bakin rikoda aka ɗauka, har kana jin kukan akuya a bayan waƙa. Kalangu kuwa magana yake yi, makaɗi yana matse tsarkiya murya ta hau, ya saki ta sauka. Idan aka bi da shi ta wannan hanya sannan aka saurara a lasifikar waya, sai ka ji kamar ana buga gwangwani, 'yan amshi kuma su cure wuri guda.

Yanzu ga yadda ake ginin. Abu na farko kwamfuta, kuma ba sai sabuwa ba, domin kunna sauti aiki ne mai sauƙi a wurinta. Akwai wata 'yar ƙarama kamar tafin hannu mai suna Raspberry Pi da aka fito da ita a Ingila a 2012, wutar da take ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba, masu sha'awar sauti a duniya suna sa mata manhaja irin Volumio su mayar da ita rumbu. Tana da kyau ga mai sola. Amma a ra'ayina, ga mutumin karkararmu tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu ta fi, irin wadda ake samu a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, saboda batirinta yana jikinta, ko an ɗauke wuta a tsakiyar aiki ba za ta mutu nan take ta lalata fayil ba.

Sai ma'ajiya, wato faifan da ake jonawa ta kafar USB. Sai ɗan akwatin sauti na waje, wanda yake juya lambobin kwamfuta su koma murya, domin na cikin tsofaffin kwamfutoci yakan kwaso tsuwwa daga wutar cikinsu. Daga nan waya ta tafi amfilifaya, sannan lasifika biyu na katako. Idan kuɗi bai isa komai ba, a zuba shi a lasifika, nan kunne ya fi jin bambanci. Kada kowa ya ruɗe ku da wayoyi masu tsada da ake cewa suna gyara murya. A ajiye lasifikar daidai tsayin kunnen mai zama, a ɗan janye su daga bango. Ɗakin ƙasa mai tabarma da labule ya fi falon tayil daɗin sauti, wannan ba sai an saya ba.

Idan aka haɗa kwamfutar da ƙaramar na'urar Wi-Fi, aka sa manhaja ta kyauta irin Jellyfin, kowa a gidan zai iya buɗe rumbun daga wayarsa. Ba a bukatar sayen data, tunda zancen bai fita daga gida ba. Uwargida tana jin Barmani a tsakar gida, maigida yana jin tafsiri a zaure, yara suna bitar hadda da ƙira'a a ɗaki, duk a lokaci ɗaya. Wanda ba ya sauraren kiɗa, rumbun nan zai yi masa aiki da karatu zalla.

Inda wahalar take shi ne juyen kaset, nan nake roƙon a ba ni kunne. A nemi rikoda mai lafiya, a kai wa mai gyara ya sake mata bel, domin in bel ya saki sai muryar mawaƙi ta riƙa lilo. A goge kan da zare yake bi da auduga da sifirit, a bari ya bushe. A ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a shafe abin da ake son ceta. A wana kaset ɗin zuwa ƙarshe a dawo da shi kafin a kunna, zaren ya saki jiki. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare, in ya faɗi a liƙa wani. Kusa da kan rikoda akwai wani ɗan ƙaramin noti, in ana juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare, za a kai inda murya za ta washe kamar an buɗe taga. Sannan a ja waya daga rikoda zuwa akwatin sauti mai kafar shigar da murya, a ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 cur, babu hanyar ratse.

A ɗauka a ma'aunin CD, wato awo 44,100 a kowace daƙiƙa, ya ishi kowane kaset har da rara. A adana shi a tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman fayil kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Da wannan lissafi ma'ajiya mai terabait 1 za ta ɗauki kaset fiye da 1,500. Wanda yake son na waya sai a cire masa MP3 daga wannan uwar, ita kuma a bar ta yadda take, har da shuuu ɗin kaset. Manhajar share hayaniya takan haɗa da muryar mutum ta share, kuma na'urar gobe za ta fi ta yau iya wannan aiki. Kwamfuta dai ba ta ƙara abin da babu shi a zare.

Akwai aikin da ya fi dacewa da mu ma'aikatan ofis, wato rubuta bayani. Kowane fayil a sa masa sunan mai murya, da garin da aka ɗauka, da shekara, da dalilin taron, da gidan da kaset ya fito. A zauna da tsofaffi a kunna musu, su ne za su ce wannan muryar wane ce, wancan kirarin wa ake yi wa. Fayil marar suna a cikin dubu ya ɓata ko da yana nan. Ita ma ma'ajiyar kwamfuta tana mutuwa, wani lokaci ba sallama, don haka a yi kwafi biyu aƙalla, ɗaya a ajiye a wani gida dabam, a naɗe shi saboda ƙurar hunturu. Kuma a tuna waƙoƙin manyan mawaƙa suna da magada masu haƙƙi a kansu, abin da muka juya don gida ne, kada ya koma hajar kasuwa. Saƙon iyali kuma ba a watsa shi sai da yardar masu shi.

Shawarar da nake gabatar wa shugabanni ita ce ƙungiya ta sayi kayan juye saiti ɗaya, a ajiye a hannun amintacce, a koya wa ɗalibai biyu ko uku na ajin ƙarshe aikin su riƙa yi lokacin hutu ana ba su ɗan abin sabulu. Duk wanda ya kawo kaset a rubuta sunansa a littafi, a juya, a mayar masa da kayansa tare da kwafi. A fara da waɗanda aka ɗauka a garuruwanmu, na kasuwa su jira. Na zo da rikoda da kwamfutata suna bayan zauren nan, bayan sallar La'asar mai son ganin yadda ake yi sai ya tsaya.