Jawabi a kan Mantuwar Tsufa da Gigin Tsufa

Dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da kuka komo daga ci-rani, barkanmu da taruwa. Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana a kan lafiyar tsofaffinmu, ni kuwa na zaɓi abu guda, watau mantuwa. Iyayenmu ku gafarce ni, don zan taɓa abin da aka saba rufewa cikin gida.

Jama'a, mantuwa iri biyu ce. Akwai ta tsufa kurum: dattijo ya aje tasbaha ya rasa inda ya sa ta, ko sunan wani ya ɓace masa da safe ya komo da marece. Masu bincike sun auna, sun ga saurin tunani yana raguwa da shekaru, amma sanin magana da tarihi da sana'ar da mutum ya daɗe yana yi suna nan daram. Shi ya sa har gobe wurin tsofaffi ake tambayar iyakar gona.

Ta biyu ita ce gigin tsufa, ita kuwa cuta ce cikin ƙwaƙwalwa. Tsohuwa ta ci tuwo, ta rantse ba a ba ta ba. Tsoho ya ɓace tsakanin masallaci da gidansa, ko ya yi tambaya guda sau goma. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya ba da bayanin wata mata da ya fara dubawa tana da shekara 51. Bayan ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga ɓarnar da cutar ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu gigin tsufa sun kai miliyan 57, kuma fiye da 60 cikin 100 nasu ba a ƙasashe masu arziki suke ba. Ashe abin bai tsaya ga Turawa ba.

To, ƙaƙa likita ke gane ta? A 1975, a Amurka, likita Folstein da abokan aikinsa suka tsara tambayoyi masu maki 30. Ana tambayar mutum shekara da kwanan wata, a ce ya riƙa ɗebe 7 daga 100, ya rubuta magana, ya kwaikwayi zane. Ku duba da kyau. Dattijon da bai shiga lakwal ba, wanda lissafinsa na damina da kaka da ranar kasuwa ne, zai faɗi wannan jarrabawa alhali hankalinsa garau yake.

Don haka da aka soma wani babban bincike a 1992, tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙar fatar garin Indiyanapolis na Amurka, sai aka yi aiki da tambayoyin da ba su bukatar karatu. Ana cewa tsoho ya jero sunayen dabbobi cikin minti guda, ko a faɗa masa kalmomi, in an jima a ce ya maimaita. Daga baya suka ƙara da jera tsinken ashana huɗu a ce ya kwaikwaya. Abin da ya fi muhimmanci, ana zama da wanda ke gida ɗaya da shi a tambaye shi: me Baba ya iya da, wanda yanzu ya gagare shi? A 1995 suka bayyana cewa cikin masu shekara 65 zuwa sama, wajen 2 cikin 100 ke da cutar a Ibadan, wajen 8 a Indiyanapolis. Sun kuma lura hawan jini da ciwon suga sun fi yawa ga na Amurka.

Ƴan uwa masu zuwa Legas da Abijan da Libiya, a nan aikinku yake. Wanda ke kwana da tsoho kullum bai cika ganin canjinsa ba, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta. Kai da ka shekara ba ka nan, kai za ka gani. In kun ga canji, ku kai shi gidan likita, kuma ku tafi da wadda ke yi masa hidima, don bakinta shi ne rabin awo.

Kada ku ce tsufa ne ku zauna. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa masassara ce, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, kuma tana warkewa in an yi hanzari. Baƙin ciki bayan rasuwar abokin zama, da rashin ji sosai, su ma suna kama da gigin tsufa. Ainihin cutar kuwa ba a samo maganin da ke warkar da ita ba tukuna. Amma a 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an kiyaye su ana iya hana ko jinkirta kusan rabin cutar. Cikinsu akwai hawan jini, da suga, da taba, da kurumta, da raunin gani, da zaman kaɗaici. Rigakafi dai ya fi magani.

Ina da roƙo uku. Na farko, tsohuwar da aka tarar tana yawo da dare tana sambatu, kada a kira ta mayya, kada a bari yara su jefe ta. Marar lafiya ce, a kama hannunta a maida ta gida. Na biyu, kada a yi gardama da mai gigi, ko a ɗaure shi. A bar shi a ɗakin da ya saba, a riƙa karɓar mai jinya ita ma ta huta. Na uku, tun dattawanmu suna da lafiya, a zauna da su gaban shaidu a rubuta iyakokin gonaki, da bashi, da ajiya, da jingina. Ranar da mai sanin iyaka ya ruɗe, zumunta ce za ta sha wuya.

Kuɗin da kuke aikowa suna da amfani, amma ku haɗa da kiran tarho, tsoho ya ji muryarku. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.