Motar da Ke Cewa "Ƙat" Amma Ta Ƙi Tashi

Kafin shekarar 1912, duk wanda zai tayar da mota sai ya tsaya a gabanta ya juya injin da wani lanƙwasasshen ƙarfe, aikin da ya karya hannun mutane da dama. A wannan shekara ce kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai sitata ta lantarki, wadda Charles Kettering ya ƙirƙiro. Tun daga sa'an nan sitata ta fara ɗauke wa direba wannan wahala. To, amma akwai ranar da za a murɗa makulli, ko a danna maɓalli, sai a ji "ƙat" kurum, inji kuwa ko gezau. A irin wannan rana ce mai mota kan yi asarar kuɗi wajen sayen sabuwar sitata, alhali kuwa tasa lafiyarta ƙalau. Watau an bar jaki ana dukan taiki.

A jikin sitata akwai wani ɗan maganaɗisu na lantarki wanda aikinsa biyu ne: ya tura haƙorin sitata ya kama na injin, ya kuma haɗa ta da batir. Bugun da yake yi shi ne wannan "ƙat". Wuta kaɗan ta ishe shi, amma ita sitata takan zuƙi fiye da amfiya 100 kafin ta juya inji. Saboda haka batirin da ya raunana yana iya kunna rediyo, ya motsa maganaɗisun, amma ya kāsa ɗaukar babban kayan.

Abu na farko shi ne a kasa kunne. In ƙarar ta zo a jere da sauri, "ƙat-ƙat-ƙat", galibi wuta ce ba ta isa ba: maganaɗisu ya kama, sitata ta janye 'yar wutar da ta rage, ya saki, ya sake kamawa. In kuwa bugu ɗaya ne mai ƙarfi sa'an nan shiru, zargi ya fi karkata ga sitata ko babbar wayarta. Fitilu ma shaidu ne. A kunna manyan fitilu a murɗa makulli. In suka dushe ƙwarai, a nemi laifin wajen batir, in kuwa haskensu bai rage ba, wuta ba ta shiga sitata.

Sa'an nan a buɗe bonet a duba kawunan batir, domin sau da yawa a nan cutar take. Kan da ya yi sako-sako, ko wanda farin gari ko kore ya lulluɓe, yakan tare wuta kamar yadda shara ke toshe magudana. A fara kwance wayar da ke kan mai alamar ɗebewa (−), sa'an nan mai alamar tarawa (+). A wanke da ruwan kanwa mai ɗumi, ba tare da an bari ya shiga cikin batir ba, a goge da burushin waya, a mayar da ta tarawa tukuna, a ɗaure tam. Kada a manta da wayar da ta haɗa batir da gangar jikin mota da injin, gama ta nan wuta ke komowa.

Wanda ke da na'urar awon lantarki ya huta da zato. Cikakken batir yakan nuna bolt 12.6, in ya sauko 12.0, mafi yawan cajinsa ya tafi. Sa'ad da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan inji ya tashi, ana sa ran ganin 13.5 zuwa 14.5, in ba haka ba na'urar caji ce ba ta aiki, sabon batir ma haka zai mutu.

Idan za a ɗebo wuta daga wata mota, jar waya ta haɗa kawuna biyu masu alamar tarawa. Baƙar waya ta tashi daga kan ɗebewa na batir mai rai, ta sauka a kan wani ƙarfe na injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. Dalili kuwa shi ne batir yana fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi ya watsa ruwan batir a ido. Turi yana tayar da mota mai giyar hannu, a giya ta biyu, amma ba ya amfani ga mai canja giya da kanta.

In batir da wayoyi sun fita daga zargi, saura sitata. Ƙananan gawayin da ke cikinta sukan cinye, kuma ƙwanƙwasa jikinta a hankali da sifana yakan sa ta tashi sau ɗaya ko biyu. Wannan dabara ce ta isa gareji kawai. Motar da ta mutu cikin ambaliya kuwa, kada a matsa mata, domin mai yiwuwa ruwa ya shiga injin, tilasta shi ya juya kuma na iya lanƙwasa ƙarafansa.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hannu. Zafin Jidda da Khartum da Njamena yana ƙafar da ruwan batir, ya rage masa kwana, sanyin hunturu na Landan ko Chicago kuma yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da baƙin man inji ya yi kauri. Ko a ina mai mota yake, tsarin binciken ɗaya ne: kunne tukuna, sa'an nan fitilu, da kawunan batir, da awo. Sai waɗannan duka sun wanke batir kana a sa hannu a aljihu don sitata.